Itace, Mafarin Dukiya a Duniyar Minecraft

Duk wanda ya buɗe sabuwar duniya a wasan kwamfutan nan da ake kira Minecraft, yaro ne ko babba, gwani ne ko ɗan koyo, kafin ya dubi tsaunukan da ke gabansa, kafin ya kula da tumaki da shanun da ke kiwo a gefensa, kafin ma ya tambayi kansa inda gabas take, abin da yake fara yi shi ne ya waiga dama da hagu yana neman bishiya, in ya hango ta kuwa sai ya nufe ta a guje, ya tsaya a gindinta, ya yi ta naushinta da hannu har gungume ya ɓalle ya faɗo. Wannan aiki, da yake shi ne mafi sauƙi a cikin wasan duka, mutane ba su cika tsayawa su yi nazarinsa ba, alhali kuwa a kansa aka ɗora dukkan abin da ke biyo baya, tun daga bukkar daren farko har zuwa manyan biranen da wasu ke shafe shekaru suna ginawa.

Wasan dai wani mutumin ƙasar Suwidin ne mai suna Markus Persson, wanda aka fi sani da laƙabin Notch, ya fara fitar da shi a watan Mayu na 2009, aka yi ta gyara da ƙari har ya cika a watan Nuwamba na 2011, sa'an nan ya miƙa ragamar tsara shi ga abokin aikinsa Jens Bergensten. A 2014 kamfanin Microsoft ya sayi Mojang, wato kamfanin da ke yin wasan, a kan dala biliyan 2.5, kuma ya zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Yana daga cikin wasannin da ba a shata wa mutum hanya a cikinsu: ana jefa shi ne cikin ƙasa mai faɗi wadda aka gina da bulo-bulo masu kusurwa huɗu, kowanne mita ɗaya ta kowace fuska, ba makami, ba guzuri, ba wanda zai ce masa yi kaza ko bar kaza. Maganarmu a nan ta shafi sashen wasan da ake neman abin rayuwa da gumi ne, domin akwai wani sashen da ake bai wa ɗan wasa kowane irin kaya kyauta ba adadi, wanda a cikinsa mas'alar neman itace ba ta taso ba sam.

Dalilin da ya sa itace ya zama mafari a bayyane yake ga mai lura. Hannu tsirara yana iya ɗiban ƙasa da yashi da tsakuwa, amma waɗannan ba a ƙera kayan aiki da su. Dutse kuma, ko da mutum ya jure ya farfasa shi da hannu, ba ya barin kome, sai dai ya ɓace a banza. Itace kaɗai ne ya haɗa sharuɗɗan nan biyu, wato ana samunsa ba da kayan aiki ba, kuma daga gare shi ake samun kayan aiki. Da digar katako ake haƙo dutse da kwal, da digar dutse ake haƙo ƙarfe, da ta ƙarfe ake ciro zinariya da lu'ulu'u, da ta lu'ulu'u kuma ake fasa baƙin dutsen nan mai tsananin tauri wanda ake gina ƙofar shiga duniyar wuta ta Nether da shi. Silsila ce wadda kowane zobe nata yake rataye da na bayansa, zoben farko kuwa gungumen nan ne da aka samu da naushi cikin daƙiƙa 3.

Lissafin abin yana da daɗin bi, kuma a cikinsa ne hikimar masu tsara wasan ta fi fitowa. Gungume ɗaya yana ba da katako 4, katako 2 suna ba da sanduna 4, katako 4 kuma su ne teburin sassaƙa, wanda in babu shi mutum ba ya da sarari sai na gurbi 4 na haɗa kaya, in kuwa ya kafa shi sai gurabun su zama 9, a nan ne kuma ake iya jera siffar diga da gatari da takobi. Diga tana cin katako 3 da sanduna 2, gatari ma haka. To, idan mutum ya tara gungume 3 kacal, ya mai da su katako 12, ya ba tebur 4, ya yanka 2 su zama sanduna, ya ba diga 3, ya ba gatari 3, sai ya tarar ba abin da ya ragu kuma ba abin da ya gaza. Ƙaramar bishiya guda takan ba da gungume 4 zuwa 6, saboda haka bishiya ɗaya tak ta isa ta fitar da mutum daga halin rashi zuwa halin mai sana'a. Abin da ya rage shi ne buƙatun gida: akwati katako 8, ƙofa 3 daga katako 6, kwale-kwale katako 5, gado katako 3 tare da ulun tunkiya 3, tsani 3 daga sanduna 7. A shekarun farko wasan ba ya koya wa kowa ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai mutum ya gwada da kansa ko ya tambayi wanda ya riga shi, har sai a 2017 da aka sa littafin haɗe-haɗe a cikinsa.

Abin da ke sa wa wannan lissafi zafi shi ne lokaci. Yini da dare a wasan duka-duka minti 20 ne, hasken rana kuwa wajen minti 10, kuma da zarar duhu ya sauka sai miyagun halittu su fito, gawarwaki masu tafiya, da ƙwarangwal masu baka da kibiya, da manyan gizo-gizo, da koren dodon nan Creeper mai lallaɓowa ba amo ya fashe kusa da mutum ya rushe masa gini. Don haka ɗan wasa yana tsakanin kuskure biyu ne a yininsa na farko. Wanda ya yi gaggawa ya bar daji da gungume 4 ko 5, yakan sami kansa a cikin rami da tsakar dare, digarsa ta karye, ba sandar da zai yi wata; wanda kuma kwaɗayi ya tsai da shi yana ta sara har rana ta faɗi, dare kan riske shi a fili da jaka cike da itace, ba ɗaki, ba fitila. Ni dai a ganina tsakaitawa a nan ita ce mutum ya sare bishiya uku ko huɗu gaba ɗayansu, ya tsinci abin da ganyensu ya zubar, sa'an nan ya nufi dutse tun rana tana tsaka.

Akwai saɓani tsakanin 'yan wasa a kan gatarin katako, ko ya cancanci a yi shi ko kuwa asara ne. Masu yin sa suna kafa hujja da cewa yana rage lokacin sara daga daƙiƙa 3 zuwa ɗaya da rabi, kuma kuɗinsa gungume ɗaya ne kawai. Masu barin sa kuwa suna cewa gatarin dutse yana sara cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa, yana jure aiki sau 131 inda na katako ke ƙarewa a 59, dutsen kuma yawanci bai wuce haƙa kaɗan a ƙarƙashin ƙafa ba. Me zai sa a ɓata katako a kan abin da za a yar bayan minti biyu? Gaskiya ta fi karkata ga na biyun in dutse yana kusa, ta fi karkata ga na farkon in mutum ya sauka a tsakiyar kurmi, kuma ko ta wace hanya aka bi ba a yi almubazzaranci ba, tun da tsohon kayan aikin katako ana iya jefa shi a murhu ya gasa abu ɗaya kafin ya ƙone. Gatarin ƙarfe yana sara cikin rabin daƙiƙa ya jure sau 250, na lu'ulu'u ya jure sau 1,561, na zinariya kuwa ya fi su duka sauri amma 32 ne iyakar ransa. Waɗannan alƙaluma na bugun kwamfuta ne da ake kira Java. Bugun Bedrock, wanda shi ne na wayar hannu, ya ɗan saɓa a wasu wurare.

Wani zai zaci da an sami ƙarfe an rabu da itace ke nan, amma ba haka al'amarin yake ba, kuma a nan ne nake ganin tsarin ya cancanci yabo ƙwarai. Digar lu'ulu'u, wadda ake shiga can ƙarƙashin ƙasa a sha wuya kafin a tara abin yin ta, ba ta haɗuwa sai da sanduna 2, daidai da digar katako ta ranar farko, kamar dai yadda maƙeri, kome gwanintarsa wajen ƙera ruwan fartanya, ba ya wadatuwa daga masassaƙin da zai yi mata ƙota. Fitilar da ake kafawa a bango don kore duhu sanda ce da ɗan kwal a kanta, guda 4 daga sanda ɗaya, kuma mai haƙar ma'adinai yakan ƙone ɗaruruwansu. Baka da kibiya, da sandar kamun kifi, da shingen dabbobi, da layin dogo, da akwatunan da dukiya ke taruwa a ciki, duk suna komawa ga bishiya. Saboda haka ƙa'ida ce sananniya a wurin tsofaffin 'yan wasa kada a shiga kogo sai da gungume a jaka, kuma gungume ɗin ake ɗauka ba katako ba, domin gurbi ɗaya na jaka yana ɗaukar abu 64, gungume 64 kuwa katako 256 ne a dunƙule.

Haka nan batun makamashi. Wanda bai dace da kwal ba yana iya gasa gungume a murhu ya zama gawayi, gawayin kuma yana yin aikin kwal wajen fitila da girki, yana gasa abu 8. Gungumen da aka jefa a wuta yadda yake abu ɗaya da rabi kawai yake gasawa, alhali in an tsaga shi katako 4, kowane katako shi ma ɗaya da rabi zai gasa, jimla 6. Bambancin da ke tsakanin ɗaya da rabi, da 6, da 8, daga gungume guda, shi ne bambancin mai tadbiri da marar tadbiri. Har fatauci ma itace ya shiga, domin a ƙauyukan wasan mai sana'ar kibiya yana sayen sanduna 32 da zumurrudu ɗaya, wato gungume 4 ke nan, kuma da yawa daga cikin masu arzikin wasan ta wannan ƙofa suka fara.

Ire-iren itacen sun yi ta ƙaruwa da shekaru. Na farko shi ne ok, wanda ganyensa kan zubo da tuffa jefi-jefi, sau ɗaya cikin 200; sai farin itace mai ɗigon baƙi da ake kira bac, da dogon itacen ƙasashen sanyi mai suna sufurus, da ƙaton itacen kurmi. A 2013 aka ƙaro baƙin ok da akeshiya, dangin bagaruwa, mai karkataccen jiki da katako ruwan lemo, wadda ke tsirowa tsilli-tsilli a filayen ciyawa masu zafi. A 2020 aka sa wa duniyar Nether wasu manyan tsirrai biyu, ja da shuɗi-kore, waɗanda ake sassaƙawa kamar itace amma wuta ba ta cin su. A 2022 aka kawo itacen fadamar bakin teku mai saiwoyi a waje. A 2023 ceri mai furanni ruwan hoda, tare da damar yin katako da gora. A ƙarshen 2024 kuma wani ok mai fari-fari. Ta fuskar ƙera kayan aiki duk ɗaya suke, digar bac ba ta fi digar ok ba ko da sara ɗaya. Fifikon yana wajen launi, wanda magina ke tafiyar dubban bulo dominsa, da kuma wajen sauƙin sara. Bac miƙaƙƙe ne, ana gama shi daga ƙasa, ko a bar kututturen a hau kansa a kai ga na sama sa'an nan a sauko a cire shi. Sufurus in aka dasa huɗu a haɗe yakan tashi ƙato mai kauri biyu-biyu, sau da yawa ya haura bulo 20, sai a sassaƙa matakala a jikinsa ana kewayawa har ƙoli, a saro shi ana saukowa. Ga mai son yawa babu kamarsa. Wanda kuwa ƙaddara ta jefa shi tsakiyar hamada, inda ba bishiya ko ɗaya, sai ya tsinci sanduna daga busassun ƙirare, ya nemi katako a gidajen ƙauye ko a tarkacen jirgin ruwa ko a tsofaffin ramukan haƙa, ko kuwa ya sa kai ya yi ta tafiya har ya ga kore.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi kowane ban mamaki a bishiyar Minecraft, wato ba ta faɗuwa. Yashi da tsakuwa suna zubowa in an cire abin da ke ƙarƙashinsu, amma gungume yana nan tsaye a iska ko da an sare gindinsa, ganye kuma yana nan kore muddin akwai gungume a kusa da shi, tazarar da ba ta wuce bulo 6 ba. Sai an cire gungume na ƙarshe ne ganyen ke fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin ruɓewar nan ne dashe ke faɗowa, sau ɗaya cikin 20 ga yawancin itatuwa, sau ɗaya cikin 40 ga itacen kurmi. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ɗebi gungume uku na ƙasa da hannunsa ke kaiwa ya yi gaba, ya bar rabin bishiya tana lilo a sama, ya ɓata wa wurin kyau, ya kuma bar irin da zai maye gurbinta a kulle cikin ganyen da ba zai taɓa zubowa da kansa ba. Wanda ya kammala sara shi ake ba dashe. Babban ok mai rassa yana gwada haƙurin mutum a nan, domin yakan ɓoye gungume ɗaya a tsakiyar ganye, sai an hau an tona kafin a same shi.

Dashen ba ya bukatar wahala: ƙasa, da haske, da sarari a sama, in ana gaggawa kuma a zuba masa garin ƙashin da ake samu daga ƙwarangwal. Baƙin ok da ok ɗin nan mai fari-fari ne dai ba su tashi sai an dasa huɗu a haɗe. Da wannan ne itace ya bambanta da ma'adinan da ke cikin ƙasa, domin ramin lu'ulu'u in an kwashe shi ya ƙare ke nan har abada, sai a ƙara gaba, amma fili ɗaya na bishiyoyi yana iya ciyar da gari muddin ana mayar masa da abin da ya zubar. Babu inda wannan ya fito fili kamar a wani salon wasa da ake kira Skyblock, wanda wani ɗan wasa mai laƙabin Noobcrew ya ƙirƙiro a 2011, inda ake ajiye mutum a kan ɗan tsibirin ƙasa da ke rataye a sararin sama, da bishiya ɗaya, da akwati ɗaya mai ƙanƙara da bokitin narkakken dutse. Ganyen bishiyar kimanin bulo 50 ne, don haka bisa ƙiyasi dashe biyu ko uku ake sa ran samu, amma yakan faru ba a sami ko ɗaya ba, ko kuma wanda aka samu ya gangara bakin tsibirin ya faɗa cikin sarari. Shi ya sa mai hankali yake fara shimfiɗa ƙasa a ƙarƙashin ganyen kafin ya taɓa gungume na ƙarshe, ya tsaya yana tsaron kowane ganye da ke ruɓewa, domin rayuwar duniyarsa gaba ɗaya tana rataye da tsiro guda.

A duniyar wasan ta yau da kullum kuwa babu irin wannan tsanani, kuma wannan shi ne abin da nake ganin ya cancanci a yi wa Minecraft tambaya a kansa. Mutum yana iya share daji ƙaƙaf, ruwan sama ba zai ragu ba, ƙasa ba za ta zaizaye ba, iyakar abin da zai same shi shi ne tafiya ta ƙara masa nisa. Wasu wasannin sun ɗauki wata hanya dabam. A Terraria, na 2011, sai da gatari ake sara, kuma da an yanke gindi bishiyar duka take zubowa. A Valheim, wanda shi ma daga Suwidin ya fito a 2021, bishiya tana faɗuwa da nauyinta har ta kashe wanda bai kauce ba, kuma itatuwa masu daraja ba su saruwa sai da gatarin tagulla. A Don't Starve, na wani kamfanin Kanada a 2013, mai yawan sara yakan wayi gari wata bishiya ta tashi ta zama dodo ta bi shi, ba ta hucewa sai ya dasa iri a kusa da ita. A Eco kuwa, daji da dabbobi da iska duk suna lalacewa in an yi israfi, har 'yan wasa sukan zauna su kafa dokar adadin da kowa zai sara. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi Minecraft kusa da haƙiƙanin duniya, kuma yaron da bai san daji ba sai ta Minecraft yana iya ɗaukar cewa bishiya aba ce da ke girma cikin mintoci, wadda rashinta ba ya cutar da kowa. Wannan naƙasu ne na gaske, kuma ya kamata iyaye da malamai masu amfani da wasan su san da shi.

Amma duk da haka rangwamen nan ya haifar da wani abu da tilas ba ta iya haifarwa. A duniyoyin tarayya, inda mutane da yawa ke shiga ƙasa ɗaya ta intanet, wurin da kowa ke fara sauka shi ne ke fara zama fako, sabon zuwa ya iso ya tarar ba abin da zai nausa, ga rabin bishiyoyi birjik a sama. Wasan bai hana ba, mutane ne da kansu suka ga munin abin, har ya zama urfi a tsakaninsu, a wurare da yawa ma rubutacciyar doka, cewa ba a barin bishiya a rataye, wanda ya sare ya dasa, kuma ba a taɓa itacen da wani ya shuka a ƙofar gidansa. Ladabin da mutum ya riƙe alhali ba dodon da zai bi shi in ya saɓa, a wurina ya fi wanda tsoro ya koyar daraja, ko da yake na san akwai duniyoyin da ba a kula da wannan ko kaɗan, inda ƙwace da ƙone-ƙone su ne al'ada.

Saura mas'alar gajiya, domin mai gina babban gari yana bukatar dubban gungume, sara kuma in ya yi yawa yakan gundura. Wasu sukan ƙara wa wasan gyare-gyaren da ke sa bishiya ta zube duka da sara ɗaya, irin na Terraria. Wasu kuma sukan gina injuna a cikin wasan kansa, masu zuba wa dashe garin ƙashi, su ture gungumen da ya fito, su farfasa shi da nakiya, su tara shi a akwatuna, ɗan wasa yana tsaye wuri ɗaya yana dasawa kawai. Injin ban ga aibinsa ba, tun da wanda ya gina shi sai da ya fahimci tsawon kowace bishiya da halin ganyenta da yawan dashen da take mayarwa, fahimtar da ba ta samuwa sai ga wanda ya daɗe yana sara da hannunsa. Gyaran sara ɗaya kuwa ya dace da wanda ya riga ya ƙware yana son ya kai ga gini, amma ba na shawartar a sa wa ɗan koyo shi a makonninsa na farko, domin zai tara itace bai taɓa hawa kan kututture ba, bai taɓa tona ganyen babban ok yana neman gungumen da ya ɓuya ba, kuma ranar da ya shiga duniyar tarayya wadda ba ta da wannan gyara, shi ne zai fara barin bishiyoyi a rataye.